Tuwon da Aka Dawo Mini da Shi

Sunana Azumi. Na haura sittin, ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka aurar da ni nan ƙauyenmu da ke gefen Dandamisa. Amma in ana maganar miya, ban ga macen da zan sunkuyar wa da kai ba a wannan yankin. Ba alfahari nake yi ba. Na faɗa ne don ku san girman abin da aka wulaƙanta.

Shekara arba'in da ɗaya kwanona yana fita ciyayya. Mazan layinmu su shida ne. In an idar da sallar magariba, kowa ya shiga gida ya ɗauko kwanon da matarsa ta zuba, su shimfiɗa tabarma a jikin katangar masallaci, su jera kwanukan, su riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya suna ci tare. Tuwon duk iri ɗaya ne, na masara, tunda ita muke nomawa ita ke cikin rumbu. Abin da ke raba kwano da kwano miya ce. Yawancin matan layin kuka suka sani. Yau kuka, gobe kuka, jibi busasshiyar kuɓewa don a ce an canza.

Ni ban taɓa maimaita wa Malam miya kwana biyu a jere ba, kuma ba da nama nake yi ba. Nama sai da salla, ko in kaza ta karye aka yanka. Bayan ɗakina akwai zogale uku, yakuwa a jikin danga, kabewa tana hawa rumbu. Da damina lalo da karkashi da tafasa ba sai an shuka ba, ido kawai suke so. Yakuwa in ka zubar da ruwan farko ka daka gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya ka zuba, ta zama wata aba daban. Gauta in ta nuna, a daka ta da albasa da daddawa. Wake a surfa a wanke, a dafa shi har ya narke, a ɗiga manja. Da rani kuwa ina da tumatir ɗin da na yanka na shanya a lokacin da ya yi yawa har ake zubar da shi a bakin titin Ikara. Ba abin wahala a ciki. Kula ce kawai, ita ce mutane ba su da ita.

Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, ba mai yawan magana ba ne. Amma in ya dawo da kwano yakan tsaya a bakin madafa ya ba ni labari. Wane ya ce a bar nawa a ƙarshe don a rufe baki da shi, wane ya ce yaji ya yi yawa amma shi ne ya suɗe gefen. Ni ba na fita ko'ina sai biki da gaisuwa. Ta wannan kwanon nake jin ina cikin mutanen garin.

Ya rasu farkon damina, ciwon kwana tara. 'Yata Mukarrama tana aure a Taba. Ɗana Bilya yana can kudu yana harkar albasa, ya ce in koma wajensa, na ce ba zan je in mutu inda ba a jin Hausa ba. Sai gidan ya rage daga ni sai kaji da akuya ɗaya.

Duk tsawon takaba, wata huɗu da kwana goma, Lantana ce ke aiko mini da abinci. Matar Tukur ce, ƙanin Malam, gidansu yana jikin namu. Ba ni da abin da zan ce da ita sai godiya, mace ce mai kirki. Amma kuka ce. Na lissafa, a wata huɗun nan sau uku ta canza. Na ci na yi shiru, tunda mai takaba ba ta da bakin zaɓe. Don kada zaman ya haukata ni, na sa aka sayo mini kaba da rini na riƙa saƙa faifai. Na yi guda biyar, ɗaya ya fi sauran kyau, ja da kore da ɗan baƙi a baki.

Da na fita takaba na ce wa Lantana ta huta, zan koma tukunyata. A nan na gane abin da ban sani ba. Duk wadda ta ce muku ana iya yin miyar mutum ɗaya, ƙarya take yi. Hannuna ya saba da awo. In na rage daddawa, gishiri ya fito. In na rage ruwa, ta ƙone kafin ta nuna. In na yi yadda na saba, sai in ci loma biyar in zauna ina kallon sauran, ba wanda zai ce ta yi ko ba ta yi ba. Kwana goma sha biyu ina zuba wa kaji miyar da mutane ke roƙon a bar ta a ƙarshe.

Sai na kira Tukur. Shi da ni akwai wasa, tunda lokacin da aka kawo ni gidan yana yawo ba wando, ni na riƙa goge masa majina. Na ce masa daga gobe in zai fita ciyayya ya biyo ya ɗauki kwanona ya haɗa da nasa. Ya sosa ƙeya, ya ce ba a haka. Wai kwano namiji yake bi, gidan da ba namiji ba shi da kwano a tabarma, haka suka tarar. Ya ce in huta, na yi wahala shekara da shekaru, abinci kuma ba zai yanke mini daga gidansa ba.

Na ce, "Kai Tukur, na ce maka yunwa nake ji?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke dai ba kya tsufa." Ya fice.

Washegari kabewata ta farko ta nuna. Na yanka ta na yi taushe, da yakuwa kaɗan don ɗan tsami, da gyaɗa, da tattasai biyu. Na tuƙa tuwo mai laushi na malmala. Ina da ɗan man shanu da Mukarrama ta kawo mini ranar fitar takaba, na zuba cokali guda a kai. Murfin kwanon ya daɗe da lotsewa, sai na jawo sabon faifan nan mai ja da kore na rufe. Na ce tunda ba mai kai mini, ƙafata ba ta karye ba.

Na jira aka idar da salla. Na sa hijabi na fita. Ban ɗaga kai na kalli fuskar kowa ba, ni ba mara kunya ba ce. Na san wurin zaman Malam, kusurwar katanga ce inda aka yi wa ginin tokari, don yana da ciwon baya yana son jingina. Na yi sallama ƙasa ƙasa, na durƙusa na ajiye kwanon a daidai wannan kusurwar, na juya na koma gida. A raina wurin ba kowa, ko kuma in ce a raina wurin nasa ne har yanzu.

Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini, shi ne tun bayan rasuwar Malam, Bobbo ya gyara zama ya koma kusurwar. Bobbo Bafulatani ne da iyayensa suka zauna nan tun da daɗewa, yana noma yana da 'yan shanu. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, matar ɗansa ke zuba masa kwano. To ku duba. Bazawara, kwana goma sha uku da fita takaba, ta ɗauko tuwo da hannunta, ta rufe da sabon faifai mai ado, ta sa man shanu, ta wuce maza huɗu ta dire a gaban Bafulatanin da ba shi da mata. A garinmu wannan ba ya buƙatar fassara. Haka zawarawa ke yi in sun ga wanda suke so.

Ni ina gida ban san komai ba. Na ci nawa da daɗi a karo na farko tun rasuwar, har na ƙara. Kafin isha'i Tukur ya yi sallama, ya ajiye kwanon a bakin ƙofar ɗaki, bai ko zauna ba. Da na ɗaga na ji nauyi. Na buɗe. Malmala uku, yadda na jera su. Man ya daskare a kan miyar, ko yatsa ba a sa ba.

An yi mini abubuwa a duniya. Na binne 'ya'ya uku. Amma ban taɓa zama a ƙasa ina kallon abinci kamar wadda aka mara ba sai ranar.

Da safe Lantana ta shigo tana rufe baki da mayafi, ita ce ta warware mini. Ta ce Bobbo da ya ga kwano a gabansa ya ja da baya kamar ya ga maciji. In ya ci, ya amsa. Sauran kuma ba mai sa hannu a tuwon da aka kawo wa wani. Haka suka ci kukarsu kwano biyar suna kallonsa yana huci har ya huce. Ta ce in yi haƙuri, magana ce za ta wuce.

Ba ta wuce ba. Na je injin niƙa, matan da na yi wa wankan jego suna ce mini amarya. Wata ta tambaye ni ko an sa rana, wata ta ce in fara koyon tatsar nono. Na zazzage su tas, suka ƙara dariya. Wannan duk da sauƙi. Kwana huɗu sai ga waya daga Taba. Mukarrama ce, wai labari ya iso gidan mijinta ta bakin masu zuwa kasuwar Makarfi. Ba ta tambaye ni ko gaskiya ne ba. Cewa ta yi, in aure nake so ai sai in bari Baba ya shekara, kuma in gaya musu su ne za su nema mini, ba in riƙa yawo da kwano ba. 'Yar da na haifa. Na kashe wayar na jefa ta cikin kwandon masara, ta kwana biyu a can.

Daga nan na daina girki. In yunwa ta dame ni in dama gari da ruwa in sha. Zogalen ya yi ganye har yana zuba, na bar wa akuya. Gidan ya yi tsit, ko ƙarar turmi babu. Da magariba ina jin muryoyinsu a jikin masallaci, taku goma daga dangar bayan ɗakina, sai in shige ɗaki in ja ƙofa.

Mako guda ina haka, sai zuciya ta ciyo ni. Na wanke kwanon nan, na ɗauki faifan, na tafi gidan Mai unguwa Jumare da hantsi. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da gona da gajiya, sannan na ce ƙara na kawo. Ya ce wa nake ƙara. Na ce maza biyar, da ƙanin mijina a kan gaba. Abu biyu nake nema, a wanke mini suna, kuma a mayar mini da kwanona tabarma.

Ya sa aka kira su bayan la'asar. Tukur da Bobbo ne suka zo, sauran suka ce suna gona. Na zauna daga bakin zaure, su suna ciki. Na faɗi komai tun daga lotsattsen murfi har wayar Taba, ban rage ba. Mai unguwa ya tambaye ni, tsakanina da Allah, ba ni da wata manufa a kan Bobbo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dube shi. Haƙori huɗu ne a bakinsa. In aure nake nema, sai in rasa wanda zan kai wa tuwo sai wanda ba zai iya tauna shi ba?"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana gyaran murya. Tukur ya juya fuska bango, kafaɗunsa na motsi. Bobbo bai yi fushi ba. Ya ce biyar ne, ɗaya yana can ciki ba a gani. Sannan ya ce shi bai taɓa faɗa wa kowa cewa na neme shi ba, tsoro ne ya hana shi ci, don ya san bakin garin nan. Wurin zaman kuma ciwon bayansa ne ya kai shi, ba raini ba.

Sai ya ƙara da cewa, "Azumi, wallahi ƙanshin taushen nan ya bi ni har gida. Tun da mijinki Malam Ukasha ya tafi, kuka muke ci kwano biyar. Ranar har na ce da kaina, da ma in ci a ɗaura kawai."

Na ce Allah ya kiyaye. Amma ban ɓoye muku ba, wannan ce maganar farko da wani ya yi a kan girkina tun damina, sai da na kau da kai.

Na juya kan Tukur. Na ce shi ne tushen komai. Da ya ɗauki kwanon nan da na roƙe shi, da ban taka ƙafata wajen maza ba. Kuma da ya ga na ajiye a inda bai dace ba, me ya hana shi miƙa hannu ya jawo gabansa ya ce na gidan yayansa ne? Ya ce abin ya zo masa ba shiri. Na ce haka majina take zo masa ba shiri yana yaro, ni ce dai mai gogewa.

Mai unguwa ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya yanke. Batun suna, ya ce zai sa liman ya faɗa bayan sallar magariba cewa kuskuren wuri ne, Azumi ba ta nemi kowa ba, kuma duk macen da ta ƙara kirana amarya mijinta zai zo ya amsa. Zai kuma aika wa surukaina a Taba. Batun kwano kuwa, ya ce ba zai iya sa shi a tabarma kullum ba, don tabarmar ta masu gida ce, ba shi ya kafa ta ba. Amma ranar Juma'a Tukur zai zo ya ɗauka, a rufe da murfi ba faifai ba, a ajiye a tsakiya da sunan sadaka ga marigayi. Sadaka ba mai yi mata fassara.

Na ce ni ba sadaka nake yi ba, sadakar Malam na yi ta ranar uku da bakwai da arba'in. Abinci nake dafawa. Sadaka ana cin ta ne da addu'a, ko gishiri ya yi yawa ba mai cewa komai, ko ta yi daɗi ba mai cewa komai. Ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, in karɓa ko in bari. Na ce kwana ɗaya cikin bakwai, sauran shidan in yi yaya da su? Ya ce in yi ibada. Na tashi na ɗauki kwanona. Ban yi godiya ba, kuma na san ya lura.

Liman ya yi sanarwar. Matan injin niƙa suka koma gaishe ni da Inna Azumi, suna haɗiye dariya. Mukarrama ta kira ta ba ni haƙuri, na ce na ji.

Ranar Juma'a tun da safe na tsinko zogale na zage ganyen, na wanke na tafasa shi da 'yar kanwa. Na soya gyaɗa sama sama na daka, na haɗa da daddawar da na ajiye tun bara, da albasa, da attarugu ɗaya. Man shanu ban sa ba. Na bubbuga tsohon murfin da dutse har ya zauna. Tukur ya zo bayan sallar magariba, ya ɗauka da hannu biyu, bai yi wasa ba, ni ma ban yi ba.

Ban shiga ɗaki ba. Na zaga baya na tsaya cikin zogalen, jikin danga. Na ji an ajiye kwanuka. Na ji Tukur ya ce ga sadakar gidan marigayi, aka yi salati, aka karanta Fatiha, aka roƙa wa Malam rahama, kowa ya shafa. Na shafa ni ma daga inda nake. Sai aka buɗe murfi, na gane ƙararsa. Daga nan shiru, sai motsin hannu da kwano. Da suka buɗe baki kuma, zancen taki suka ɗauko, da yadda masara ta faɗi a kasuwa, da wani da shanu suka shiga wa rake. Na tsaya har sauro ya gama da ƙafafuna. Can na ji muryar Bobbo ya ce a turo masa wancan. Kwano shida ne a tabarmar, ban san wanne yake nufi ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Na koma na tarar da nawa ya huce. Na ci a tsaye a bakin madafa.

Asabar ban hura wuta ba. Lahadi da hantsi na sa hijabina na tafi gidan Mai unguwa. Yana ganina ya ce Azumi, ai an gama magana. Na ce an gama ta Juma'a. Na shimfiɗa ɗankwalina a bakin zauren na zauna, na ce kwana shida nake nema, kuma yau ba ni da tukunya a wuta, ba inda nake sauri.